Soso a Kafaɗar Hagu

Ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can wajen ginin madatsar ruwa. Yaya ƙafar nan taka da bulo ya faɗo wa? Ka ce ta warke, amma na san halinka, ko ruɓewa ta yi cewa za ka yi ta warke. Mu nan lafiya lau muke. Idona ne dai ya fara yi mini gardama wajen zura zare a allura, sai na kira 'yarka ta zura mini, ita kuwa ba ta zurawa sai ta haɗa da surutu. Da ka laƙaba mata Aku tun tana rarrafe ba ka yi kuskure ba.

To, ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada gabanka ya faɗi, don abu ne mai magani.

Makarantar su Aku ta hana kowa ya ɗinka wa 'yarsa yunifom. Yanzu ɗinkin kamfani suke rabawa, kowa iri ɗaya. Ranar da ta fara sa nata, malamarsu ta motsa jiki ta tsayar da ita, ta ce ta sunkuya ta taɓa yatsun ƙafarta. Da ta sunkuya sai malamar ta ga gefen bayanta na dama ya fi na hagu tudu. Ta ba ta takarda ta kawo mini, ta ce a kai ta asibitin ƙashi.

Mun je sau biyu. An ɗauki hoton ƙashin bayanta, likita ya manna shi a jikin fitila ya nuna mini. Auta, gadon bayan yarinyar nan ya karkace, ya yi lanƙwasa daga tsakanin kafaɗu zuwa ƙugu. Ya ja layi biyu da rula ya ce lanƙwasar ta kai digiri hamsin da biyar. Ni ban san digiri ba, kai ne mai awo, amma ya ce idan ta wuce hamsin ba ta cika tsayawa da kanta ba, gaba take yi, har wata rana ta matse wa huhu wuri. Na tambaye shi ko jakar makaranta ce ta jawo, ko zaman da take yi a kan kujerar keken ɗinkina. Ya ce ba ko ɗaya, haka yake zuwa wa wasu yara lokacin da suke tsawo, musamman mata, kuma ba a san dalili ba. Wallahi da ya faɗi haka sai da na yi ajiyar zuciya.

Maganin shi ne aiki. Za a buɗe bayan, a ɗaura sanduna biyu na ƙarfe a jikin ƙashin da kusoshi, a miƙar da shi. Ya ce kusan kowane mako suna yin irinsa, kuma a shekarunta sha huɗu yanzu ne lokacin, tun ƙashin yana jin magana. Ya ba mu rana, nan da wata biyu.

Abu ɗaya ya rage. Na ɗauki biro zan sa hannu, sai ma'aikaciyar ta ce ni wace ce. Na ce goggonta ce, ni na raine ta tun tana shekara uku da uwarta ta rasu. Ta ce ta ji, amma tunda uban yana da rai, hannunsa suke so. Ga takardar nan na saka a ciki. Ka sa hannu inda na yi ɗigo da jan alli, ka ba direban motar siminti ya dawo da ita. Da waya tana kamawa a bayan duwatsun nan naku da na huta da rubutu.

Aku tana gaishe ka. Ta ce in tuna maka layin tsawonta da kake ja a katakon ƙofar ɗaki ya tsufa, shekara ɗaya da rabi ke nan ba ka ja sabo ba. Daɓen da ka fasa mini a wancan zuwan, ka sake shi ba gaira ba dalili, yana nan ƙalau, ko tsagewa bai yi ba.

Yayarka

Ranar Lahadi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso bayan kwana goma sha ɗaya, ruwa ya cinye hanya motar ta tsaya. Ina lafiya. Ƙafa ta warke, kuma da gaske nake. Ki sayi tabarau ki daina wahalar da idonki. Ki gaida mini Aku.

Na karanta sau uku. Ban sa hannu ba.

Ki yi haƙuri ki saurare ni. Hotunan da kike aiko mini duk suna manne a bangon ɗakin kwanon da nake kwana, guda tara. Na sauke su na baza a kan katifa, na ɗora rula a kan kafaɗunta ɗaya bayan ɗaya. Daidai suke. Na ƙarshen, mai rigar ruwan toka, wata huɗu kacal da ɗaukarsa. Digiri hamsin da biyar ba wasa ba ne, Yaya. Bango in ya karkace da biyar ma, mai wucewa a kan keke zai gani. Ta yaya yarinya za ta karkace haka a wata huɗu? Ko hoton wata suka ba ku, ko tsayuwa ta yi ba daidai ba. Kin san ta, ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Bara wani mai walda a nan ya faɗo daga sama, bayansa ya bugi ƙarfe. An kai shi asibiti aka yi masa aiki. Na je duba shi. Yana magana, yana dariya, yana cin abinci, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, matarsa ke juya shi. Tun ran nan in na ji an ce aikin baya sai in tuna da shi. Yarinyar da take tafiya da ƙafarta, tana gudu, ni zan sa hannu a kwantar da ita a yanka? In ta tashi ba ƙafa, me zan ce wa uwarta ran da muka haɗu?

Ni a aikina, ginshiƙin da yake tsaye yana ɗauke da kayansa ba na taɓa shi. Ku jira ni. Kwangilarmu za ta ƙare nan da wata takwas. In zo in gan ta da idona, sannan a yi magana.

Takardar tana wurina, na ajiye ta a cikin akwati.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Alhamis

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Na sayi tabaran, Aku ta ce na zama shugabar makaranta. Wannan karon ba takarda kaɗai ba ce, har da ƙunshi. Kada ka buɗe shi sai ka gama karatu.

Da na karanta amsarka raina ya ɓaci, har na rubuta maka masifa shafi guda. Sai na yaga. Ba laifin idonka ba ne, ba kuma laifin rularka ba. Kafaɗun da ka auna a hoto ba na Aku ba ne. Ni na ɗinka su.

Bari in faɗa maka tun daga farko, bakina ya daɗe yana yi mini nauyi. Shekara biyu da wata uku da suka wuce na ɗinka mata riga, ta sa, na ga kalmasar ƙasa ta fi sauka ta hagu. Na ce kai, yau kuma ni ce da karkataccen yanka? Shekara talatin ina kan keke! Na warware na sake, ta sake sauka. Na ɗauko tef na auna yarinyar, sai na ga kafaɗar hagu ta gaza ta dama da faɗin yatsa ɗaya. Ka san abin da na yi? Abin da nake yi wa kowace mai kawo ɗinki. Mai tumbi in ɓoye mata tumbi, mai gajeren wuya in buɗe mata wuya. Sana'ata ke nan, mutum ya sa kaya a ga ya yi daidai. Na yanko soso siriri na cusa a shafin kafaɗar hagu, na ɗage kalmasa ta wannan gefen, na saki yadi a baya ta dama. Ta sa, ta fito tsaf. Har daɗi na ji, na yaba wa hannuna.

Bayan wata shida soso ɗaya ya kasa, na sa biyu. Rigar ruwan tokan da kake magana, uku ne a cikinta. Duk yana rubuce a littafin awona da kwanan wata, don ni ba na sa almakashi sai na rubuta. Ina ganin lambar tana hawa, ina ce wa kaina girma ne, za ta cike. A can cikin raina kuwa tsoro ne fal. Tsoron a ce ka bar mini amana ta lalace a hannuna, ni da ba ni da wata 'ya sai ita. Ita kuma na ce mata ɗinkin yayi ne.

Jiya na ɗauki littafin na kai wa likita, na gaya masa komai, ina kuka shaɓe-shaɓe a gaban yaro sa'an ɗan cikina. Ya bi shafukan yana kallon lambobin, ya kira wani likitan ya nuna masa. Ya ce ba a taɓa kawo masa tarihin lanƙwasa wata-wata haka ba, kuma littafin ya nuna gudu take yi, ba ta jiran wata takwas ɗinka. Na ce ya gaya mini gaskiya, da na kawo ta tun farko fa? Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce da sun gwada mata wata rigar roba mai tauri da ake wuni da ita a kwana da ita. Wasu takan tsayar musu, wasu kuma duk da haka sai an yi aikin, ba wanda ya san wanne ne nata. Wannan maganar tana nan a ƙirjina, kuma ba na jin za ta fita.

Na ba shi labarin mai waldarku. Ya ce bai ga mutumin ba, amma wanda ya faɗo daga sama yawanci lakarsa ta riga ta taɓu kafin a kawo shi. Ya ce haɗari akwai, ba zai ce babu ba, sai dai kaɗan ne ƙwarai. Suna manna wayoyi a ƙafafunta duk tsawon aikin, in lakar ta ji matsi na'ura za ta nuna musu su sassauta.

Yanzu buɗe ƙunshin. Rigar ruwan tokan ce. Ka juyo cikinta waje, ka shimfiɗa ta, ka ɗora rularka. In ka gama ka zage ni yadda ka ga dama, na cancanci zagi. Amma don Allah ka sa hannu. Saura wata guda da 'yan kwanaki.

Yayarka

Ranar Laraba

Yaya,

Salamu alaikum. Ina lafiya.

Na ga riga. Na sa hannu, ga takardar. A yi aikin.

Akwai magana a kan abin da aka yi wa yarinyar nan a gidan nan. Ba yau ba.

Auta

Ranar Asabar

Auta,

Tun kafin gaisuwa: ta motsa yatsun ƙafarta, duka goman! Alhamdulillahi. Yanzu sai in yi sallama in tambaye ka lafiya. Mu dai yau kwananmu biyar da dawowa gida, kuma ka yi haƙuri da jinkirin rubutu, hannuna bai huta ba.

Takardarka ta iso saura kwana huɗu, na kai ta asibiti da kaina a cikin leda don kada zufa ta taɓa ta. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe suka tura ta a kan gado. Tana ta yi wa mai turawar surutu, wai ya yi a hankali ba buhu ya ɗauko ba, amma da suka zo ƙofar da ba a bari a wuce sai ta damƙe hannuna ta yi tsit. Ka san in Aku ta yi shiru abu ya kai inda ya kai. Na zauna a baranda a kan kujerar roba, agogo yana kallona ina kallonsa. Na tafi da wata riga don in dasa mata maɓallai in rage zaman. Da na duba daga baya, duka shidan a bai-bai na dasa su.

Awa shida cur. Sai ga likita ya fito ya cire hular kansa ya ce in zo. Wata nas ta shigar da ni. Na same ta kwance, fuska a kumbure saboda daɗewa a rub da ciki, ga robobi ta ko'ina. Nas ta yaye bargon ta ce, "'Yan mata, motsa mini yatsunki." Ban san lokacin da na durƙusa a ƙarshen gadon ba. Babban yatsan hagu ya fara, sauran suka bi, sannan na dama. Na kifa fuskata a kan ƙafafun nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar uwarta. Ita kuwa ko ido ba ta buɗe ba, ta ce da 'yar muryarta, "Goggo, na fi ki tsawo yanzu?"

Ba zan ɓoye maka ba, na daina ɓoye-ɓoye. Kwana biyun farko sun yi tsanani. Ta yi amai, ta yi kuka, ta ce da ni da kai da likita duk ba ta yafe mana ba. A rana ta biyu nas biyu suka tayar da ita ta tsaya, jiri ya ɗebe ta, suka mayar. A ta uku ta taka har bakin ƙofa. A ta biyar ta hau matakala huɗu ta sauko, ta ce ta yafe wa likita, mu biyun tana nazari tukuna.

An sake ɗaukar hoto. Daga hamsin da biyar ta dawo sha takwas. Sandunan biyu suna nan a tsaye ɗoɗar, kusoshi jere a gefe da gefe, da ka gani da ka yaba. Ran da aka canza auduga na leƙa ɗinkin da idon sana'a, daga gindin wuya har ƙugu. Ba laifi, hannunsa yana da tsabta, layin bai kauce ba. Da ya zo koyon ɗinki wurina da ban kore shi ba.

Kuma ta fi ni tsawon. Ta ƙaru da faɗin yatsa uku a rana ɗaya, yanzu tsakiyar ɗankwalina take kallo. An hana ta sunkuyo, da murɗa jiki, da ɗaukar abu mai nauyi har wata shida. Makaranta sai bayan mako shida. Abinci ya fara shiga, barci ma haka.

Saura maganar layin ƙarshe na takardarka. Na karanta shi har takardar ta yi laushi, kuma na gane. Ko gaisuwar Aku ba ka sa ba, ka ce akwai magana a kan abin da aka yi mata a gidan nan. Ɗauke ta za ka yi. Ba ni da bakin hana ka, 'yarka ce, kuma ni na jawo. Roƙo ɗaya nake yi, ka bar mini ita wata shidan nan. An koya mini yadda ake juya ta a gado gaba ɗaya ba tare da baya ya murɗe ba, da yadda ake sa mata takalmi, da lokutan magani. In ta warke sai ka zo. Na fara ninke mata kayan da ba ta sawa a cikin akwati don kada abin ya zo mini a lokaci ɗaya.

Ko da haka ne, ta motsa yatsunta, kuma wannan ya ishe ni godiya.

Ga tata takardar a ciki, ta hana ni karantawa.

Yayarka

Babana,

Ina wuni? Yaya aiki, yaya ƙafa? Goggo ta ce in rubuta layi biyu, ta kuma san ba zai yiwu ba. A tsaye nake rubutu a kan teburin guga, don zama yana gajiyar da ni.

Baba, an sa mini rodi! Biyu, kamar ginshiƙan da kake zubawa. Na tambayi likita ko za a bi da kankare, ya ce ƙashina ne zai yi aikin kankaren, zai haɗe da kansa a hankali. Akwai zafi, amma ba kamar makon farko ba. Abin mamaki, in na ja numfashi sai in ji ya tafi har ƙasa. Ashe da rabi-rabi nake yi ban sani ba.

Zan gaya maka wani abu, kada ka faɗa wa Goggo. Na san da soson nan tun yana biyu. Wace yarinya ce za a ce mata yayi ne a kafaɗa ɗaya ta yarda? Wata rana a banɗakin makaranta na cire rigar na kalli madubi, na ga yadda nake. Na mayar da sauri na fito. Ban faɗa ba don ina ganin yadda Goggo take yin shiru in tana auna ni, kuma ni ma tsoro nake ji. Ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata, abu ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Me ka rubuta mata? Shekaranjiya na same ta tana ninke kayana a akwati tana share ido, wai ƙurar yadi ce. In wani wuri kake shirin kai ni, ka sani likita ya hana ni ɗaukar kaya, don haka ba inda za ni.

Ka zo ka ja layi. Na wuce na da sosai, Goggo ta so ta ja da allinta na ce a'a, aikinka ne.

'Yarka,
Aku

Ranar Juma'a

Yaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, yau ma na fi kullum. Takardunku sun same ni lokacin hutun rana, ina zaune a kan bulo. Layin farko kawai na karanta na faɗi na yi sujada a kan tsakuwa. Mutane suka taso a guje suna zaton rana ce ta kayar da ni. Na ce musu 'yata ta motsa yatsunta, suka kalli juna, sai da na yi bayani. Kwana talatin na yi ba labari, Yaya. Kowace mota ta shigo sai na ajiye cokalin gini na je na tsaya.

Haba Yaya! Wa ya ce zan ɗauke ta? In kai ta ina, ɗakin kwano? Waccan takardar a kan bonet ɗin mota na rubuta ta, direba ya riga ya tayar da mota yana danna mini hon. Maida kayan yarinya inda suke. Uwar da ta sani ke ce.

Maganar da na ce akwai, tawa ce. Na so in bari sai mun haɗu, amma tunda kin yi ƙarfin hali kin rubuta taki, kunya ta hana ni yin shiru.

Kin tuna zuwana na ƙarshe? Da safe na tsayar da ita a bakin ƙofa zan ja layi. Ba ɗinkinki ne a jikinta ba, tsohuwar singiletina ce da take kwana da ita. Na ɗora ma'aunina a kanta, katakon nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, na ja layin. Sai idona ya sauka a kafaɗunta. Idon magini ba ya wuce karkace. Na mayar da abin wasa, na ɗora katakon a kafaɗun, ɗigon ya gudu gefe guda. Na ce ta tsaya sosai, ta ce a tsaye take. Na sake ɗorawa, ya sake gudu.

Maimakon in kira ki, sai na sunkuya na ɗora katakon a ƙasa. Daɓen ya ɗan gangara, abin da bai kai kaurin ashana ba. Na ce yauwa, ga mai laifin nan. Na ɗauko guduma. Kwana uku na yi ina fasawa ina zubawa, kina yi mini masifar ƙura. Da ya bushe na auna shi, ɗigon ya zauna a tsakiya daram. Amma ban sake tsayar da yarinyar a kai ba. Na san abin da zan gani. Na haɗa jakata na dawo aiki.

Don haka da na rubuta miki cewa na ɗora rula a kan hotuna, wanda zai taya ni ƙarya nake nema, na kuwa samu. Ran da na juya rigar nan na ga soso uku an jera su da ƙananan ɗinki, kowanne an rage masa baki don kada ya nuna, ban ji haushinki ba. Kaina na gani. Ke kin gyara riga, ni na gyara daɓe, yarinya tana tsaye a tsakaninmu. Ke ko banza kin rubuta a littafi har ya yi amfani. Ni ba abin da na bari sai siminti.

Abin da kika ce yana ƙirjinki, ki raba shi biyu ki ba ni rabi. Ki yafe mini. Ki karanta wa Aku wannan, ita ma ta ji.

Na roƙi shugaban aikinmu hutun mako guda, ya ba ni. Zan biyo motar siminti ta ƙarshen wata.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Litinin

Auta,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, jiya Aku ta taka har ƙarshen layinmu ta dawo ba ta riƙe ni ba.

Amma kai dai an yi ɗan banza! Kwana uku kekena yana tsakar gida a rana, ƙura har cikin akwatin zare, ina ce wa maƙwabta ƙanena mutum ne mai son aiki. Ashe abin da ke nan! Na karanta mata kamar yadda ka ce. Na fara da kuka, na ƙare da dariyar da sai da na zauna a kan daɓen naka. Ita kuma tana riƙe da ƙugu tana cewa in bari, dariya tana ja mata ɗinki. Ta ce in gaya maka ta gama nazari, ta yafe mana mu biyun, ta kuma faɗa mini nata sirrin na madubi. Ni ma na yafe, rabin kuma na ba ka, ka riƙe da kyau.

Na zazzage akwatin. Sai dai kayan duk sun tashi aiki. Sun yi mata gajeru, kuma in ta sa sai kafaɗar hagu ta yi sama kamar mai ɗaga hannu a aji. Na zauna na farke su ɗaya bayan ɗaya na zare sosunan, sun cika ƙaramin kwando.

Yau da safe na shimfiɗa sabon yadi. Na ja alli ta dama, da na zo hagu sai hannuna ya hau sama da kansa. Tana tsaye a kaina ta ce, "Goggo, daidai." Na goge na sake. Na ninka yadin biyu na yanka kafaɗun tare, sara ɗaya, abin da na yi shekara biyu ban yi mata ba. Rigar tana rataye a ƙusa, ta ce ba za ta sa ba sai ran da ka iso.

Ka taho da fensirinka da katakon naka. Wannan karon a kafaɗarta za ka fara ɗorawa, ni kuma zan sa tabarau in tsaya kusa da kai mu kalli ɗigon tare. Likita ya ce zai ɗan kauce kaɗan, kuma haka za a bar shi. Ba mai sa soso.

Gudumar ka bar ta can.

Yayarka